Konstantin Tishendof (1815–1874): Malamin da Ya Bi Sawun Tsofaffin Kundayen Littafi Mai Tsarki

A watan Yuli na shekara ta 2009 aka kammala wani aiki da ya faranta ran masu nazarin Littafi Mai Tsarki a ko'ina cikin duniya. An ɗauki hoton kowane shafi da ya rage na wani tsohon littafi da ake kira Kundin Sina'i, aka sa hotunan a intanet domin kowa ya duba kyauta. An rubuta wannan kundi da hannu cikin harshen Helenanci a tsakiyar ƙarni na 4, kuma shi ne kwafi mafi tsufa da ke ɗauke da Sabon Alkawari cikakke. Warƙoƙinsa suna rarrabe a ƙasashe huɗu. Yadda duniya ta san da kundin, da yadda warƙoƙinsa suka rabu, duka suna cikin tarihin mutum ɗaya, wani malami Bajamushe mai suna Konstantin Tishendof.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Tishendof ranar 18 ga Janairu, 1815, a wani ƙaramin gari da ake kira Lengenfeld a ƙasar Saksoni, cikin Jamus ta yau. Mahaifinsa likita ne. A 1834 ya shiga Jami'ar Laifzik domin karatun tauhidi, inda ya gwanance ƙwarai a harshen Helenanci.

Zamani ne na shakka. A 1835 wani marubuci mai suna Dauda Shtiraus ya buga littafi a kan rayuwar Yesu, yana ɗaukar al'ajiban da ke cikin Bishara a matsayin tatsuniya. Wasu malamai kuma suna koyarwa cewa an rubuta littattafan Bishara ne da daɗewa bayan mutuwar manzanni. Ga wata matsala kuma: Sabon Alkawari na Helenanci da aka saba bugawa tun daga aikin Irasmus na 1516 ya dogara ne a kan 'yan kwafi kaɗan, waɗanda aka rubuta shekaru wajen dubu bayan manzanni. Saurayin ya ga cewa gardamar baki ba za ta raba wannan rigima ba, sai an fito da shaida. Ya ƙudura zai nemo kwafi mafi tsufa duk inda suke, ya karanta su harafi bayan harafi, ya buga su domin kowa ya gani da idonsa.

Rubutun da Aka Kankare

A 1840 ya tafi birnin Faris da ɗan guzuri kaɗan. A babban ɗakin karatu na birnin akwai wani kundi na ƙarni na 5 wanda ya gagari malamai. A zamanin dā fatar rubutu tana da tsada, don haka a ƙarni na 12 wani ya kankare Nassin da ke kan fatar, ya rubuta wa'azin Ifraimu na Suriya a bisansa. Tsohon rubutun bai ɓace sarai ba, amma ya dushe har ana ganin ba mai iya karanta shi duka. Tishendof ya duƙufa a kansa wajen shekara biyu. A 1843 ya buga sashen Sabon Alkawari na kundin, a 1845 kuma sashen Tsohon Alkawari. Wannan aiki ne ya fito da sunansa tun bai kai shekara 30 ba.

Tafiya Zuwa Dutsen Sina'i

A gindin Dutsen Sina'i a ƙasar Masar akwai gidan zuhudu na Santa Katarina, wanda Sarki Jastiniyan ya gina a ƙarni na 6. Tun daga lokacin 'yan zuhudu suke zaune a wurin suna addu'a, suna kuma adana littattafai. A watan Mayu na 1844 Tishendof ya isa can bayan tafiyar kusan mako biyu a kan raƙumi daga Alƙahira. A kwanakin nan da igiya ake jawo baƙo sama, ya shiga ta wata ƙofa da ke can bisa katanga.

Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, ya tarar da warƙoƙin fata 129 cikin wani kwando, aka kuma gaya masa cewa irinsu ake zubawa a wuta. Da ya duba, sai ya ga sassan Tsohon Alkawari ne na Helenanci, cikin rubutu mafi tsufa da ya taɓa gani. Aka yarda ya tafi da 43. Gidan zuhudun bai taɓa amincewa da wannan labari na kwando ba, malamai da yawa kuma suna shakkarsa, gama fata ba ta cin wuta da kyau, warƙoƙin kuwa ba su yi kama da abin da aka yar ba. Ya kai warƙoƙin Laifzik, ya buga su a 1846 da sunan Sarkin Saksoni wanda ya taimaka masa da kuɗin tafiya, amma ya ɓoye inda ya samo su don kada wani ya riga shi zuwa ga sauran. A 1845 ya auri Anjelika Zeme, Allah kuma ya ba su 'ya'ya takwas.

A 1853 ya koma Sina'i, bai sami kome ba sai wani ɗan guntu daga Littafin Farawa. Wani da tuni ya haƙura. Shi kuwa ya sake shiri, a 1859 ya koma karo na uku da goyon bayan Sarkin Rasha, Alekzanda na Biyu. Kwanaki suka wuce ba labari, har ya fara shirin komawa gida. Ranar 4 ga Fabrairu da yamma, mai kula da kayan gidan ya gayyace shi ɗakinsa, ya sauko da wani ƙunshi a naɗe cikin jan ƙyalle. Da aka kwance, sai ga warƙoƙin da ya bari a 1844 tare da wasu masu yawa, fiye da 340 gaba ɗaya. A ciki akwai babban sashe na Tsohon Alkawari, da Sabon Alkawari dukansa, da wasu littattafai biyu na Ikilisiyar farko, wato Wasiƙar Barnaba da wani sashe na Makiyayin Harmas. A daren nan bai runtsa ba, ya kwana yana kwafar Wasiƙar Barnaba.

Kundin kansa abin mamaki ne. An rubuta shi a kan lallausar fatar maraƙi da ta tumaki, wadda sai da ɗaruruwan dabbobi aka same ta. Yawancin shafuna suna da jeri huɗu na rubutu, da manyan haruffa, babu tazara tsakanin kalma da kalma. Marubuta uku ko huɗu ne suka yi aikin, bayansu kuma masu gyara sun bi ta kansa cikin ƙarnuka da yawa, suka bar dubban gyare-gyare a gefen shafi da tsakanin layuka.

Aro ko Kyauta?

An kai kundin Alƙahira, inda 'yan zuhudun suke da gida. Suna ba shi warƙa takwas a lokaci guda, shi da wasu Jamusawa biyu, likita da mai haɗa magunguna, suka kwafe layi wajen 110,000 cikin wata biyu. Amma Tishendof yana son ainihin kundin a gabansa lokacin bugawa. Ya ba 'yan zuhudun shawara su miƙa shi kyauta ga Sarkin Rasha, wanda ake ɗauka a matsayin majiɓincin Ikilisiyar Otodoks. A lokacin suna cikin rikici a kan naɗin sabon babban bishop nasu, suna kuma bukatar goyon bayan Rasha. A watan Satumba na 1859 suka ba shi kundin aro, ya sa hannu a takarda cewa zai mayar da shi duk lokacin da suka nema.

Kundin bai koma ba. Tishendof ya kai shi birnin San Fitasbag, a 1862 kuma ya buga shi cikin manyan juzu'i 4, da haruffan da aka ƙera musamman domin su yi kama da hannun marubutan. Sai a 1869, bayan shekara goma ana kai da komo, shugabannin gidan zuhudun suka sa hannu a takardar kyauta, Sarkin Rasha kuma ya aika da rubul 9,000 da lambobin girma. Takardar aron tana nan a gidan zuhudun, takardar kyautar kuma tana Rasha. Wasu masana tarihi suna cewa kyautar ta halatta, wasu suna cewa kyauta ce ta wanda ba shi da zaɓi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, masu kundin sun daɗe suna baƙin cikin rabuwa da shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Tishendof bai huta ba. A 1865 ya rubuta wani ƙaramin littafi domin talakawan masu bi a kan lokacin da aka rubuta littattafan Bishara, yana kāre cewa sun fito ne daga zamanin manzanni, aka kuma fassara shi cikin harsuna da dama. A 1869 Sarkin Rasha ya ba shi muƙamin girma na gado. Tsakanin 1869 da 1872 ya fitar da bugu na takwas na Sabon Alkawarinsa na Helenanci, wanda a ƙasan kowane shafi ya jera bambancin da ke tsakanin kwafi da kwafi. Har yau malamai suna komawa ga wannan aiki. A 1873 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Laifzik ranar 7 ga Disamba, 1874, yana da shekara 59.

Amfanin wahalarsa ya kai har gidajen masu bi. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na zamanin nan suna aiki da Nassin Helenanci da aka tace ta wurin gwada tsofaffin kundaye, Kundin Sina'i kuwa yana sahun gaba a cikinsu. Shi ya sa mai karatu yakan tarar da ɗan bayani a wasu bugu a Markus 16:9-20 da Yohanna 7:53–8:11, cewa waɗannan ayoyi ba sa cikin wasu kwafi mafi tsufa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Yawancin bambancin da aka samu na harafi ne ko na jerin kalmomi, labarin mutuwar Almasihu da tashinsa kuwa yana nan daram cikin kundin da ya haura shekara 1,600.

Yadda Warƙoƙin Suka Sake Haɗuwa

A 1933 gwamnatin Tarayyar Sobiyet, wadda take neman kuɗin ƙasashen waje, ta sayar da kundin ga Gidan Tarihi na Birtaniya a kan fam 100,000. Fiye da rabin kuɗin jama'a ne suka tara, har da ikilisiyoyi. Warƙoƙi 347 suna Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan, 43 suna Jami'ar Laifzik, wasu guntaye suna San Fitasbag. A 1975 kuma 'yan zuhudun Santa Katarina suka gano wani ɗaki da aka manta da shi a jikin katangarsu, cike da tsofaffin rubuce-rubuce, har da wasu warƙoƙin wannan kundi.

A watan Maris na 2005 waɗannan wurare huɗu suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare. Da farko ƙwararru suka duba lafiyar kowace warƙa, suka rubuta inda fata ta yage da inda tawada ta ci. Sa'an nan aka ɗauki hoton kowane shafi sau biyu, ɗaya da haske na sosai, ɗaya da haske daga gefe, wanda ke fito da layukan da marubuci ya zana da wuraren da aka kankare. Malamai a jami'o'in Bamingham da Munsta suka shigar da rubutun cikin kwamfuta harafi bayan harafi tare da dukan gyare-gyaren, suka haɗa kowace kalma da gurbinta a hoto. Sashe na farko ya hau intanet a watan Yuli na 2008, sauran kuma bayan shekara guda, shafuna wajen 800. Warƙoƙin suna nan inda suke, ba a kuma warware batun mallaka ba. Amma ɗalibin makarantar tauhidi a Jos ko Bukuru yana iya ganin abin da Tishendof ya ƙetare hamada sau uku domin ya gani.

Abin Koyi

Rayuwar wannan malami tana koya wa gidan Kirista naciya. Shekara 15 ke tsakanin zuwansa na farko da ranar da aka kwance jan ƙyallen nan, bai kuwa fid da zuciya ba. Tana kuma yin gargaɗi: himma domin aikin Allah ba ta soke alkawarin da aka yi wa ɗan'uwa. Mutumin da ya yi wa Ikilisiya hidima mai girma haka ya bar tambaya a kan sunansa saboda aron da bai koma ba.

Akwai kuma aikin da ke jiran ikilisiyoyin ƙasar nan. A ofisoshin majami'u da gidajen tsofaffin fastoci akwai rajistar baftisma da ta aure, littattafan minti na majalisa, wasiƙun masu bishara na farko, da tsofaffin littattafan waƙoƙi, waɗanda gara da ɗigon ruwa da gobara suke cinyewa kaɗan-kaɗan. Abin da ya sa Tishendof ya ɗauke kundi daga hannun masu shi, yau wayar hannu mai kyamara tana iya yinsa ba tare da littafin ya bar ɗakinsa ba. Matasan ikilisiya suna iya neman izinin dattawa, su ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, su rubuta sunan littafin da shekararsa da inda yake, su ajiye kwafi a wurare biyu ko uku, ainihin littafin kuma ya zauna wurin masu shi. Allah ya ba Ikilisiyarsa masu himma irin ta Tishendof, waɗanda kuma za su riƙe amana.