Tarihin Alhaji Mamman Shata da Ma'anar Waƙarsa ta Sha Ruwa

A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo maku tarihin Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina. Kafin mu liƙa takardar nan a bango sai da muka yi gardama har sau biyu a taronmu, kuma waƙa guda ɗaya ce ta jawo gardamar. Za mu zo kanta a ƙasa.

Babu ɗaya daga cikinmu da ya taras da Shata a duniya, domin ya rasu tun kafin iyayen wasunmu su yi aure. Amma muryarsa kowa ya san ta. Muna jin ta wurin mai shayi, muna jin ta a tasha cikin motocin Katsina da na Dutsin-ma. A 2021, lokacin da aka yanke layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, gidaje da yawa sun koma ga rediyo da waƙoƙin da ke cikin memori. A lokacin ne wasunmu muka fara sauraron Shata da kyau, muna zaune a tsakar gida da dare, an kulle ƙofa tun bayan isha'i.

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma ana ce mata Lariya. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba ko kaɗan, domin gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma a wancan zamanin ana ɗaukar waƙa roƙo ce. Ya yi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai ya shiga tallar goro, daga baya ya koma tallar alewa. An ce in ya sayar da goro, kafin ya iso gida ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su a hanya. Daga wannan ɗabi'a ta shata kuɗi ne wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya laƙaba masa sunan da duniya ta san shi da shi. Mu dai mun tabbata da ɗayanmu ne ya dawo daga talla babu uwa babu riba, bulala zai sha kafin a kai ga laƙabi.

A dandali ya fara waƙa, wurin wasan samari da 'yan mata. Daga nan ya bar Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna ƙarƙashin Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aiki a can. Sunansa ya fito sosai a 1952 wajen Bikin 'Yan Sarki a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ya zauna a Kano, amma Funtuwa ce ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Da kalangu ake yi masa kiɗa. Malamin Hausa ya tuna mana cewa asalin kalangu kiɗan mahauta ne, sai ga shi Shata ya shiga da shi fadar sarakuna, ya kai shi Ingila da Amurka. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba ya rubuta waƙa ya haddace. Nan take yake ƙirƙira. Zai ba 'yan amshi layi ɗaya su riƙe, makaɗa su ɗauka, shi kuma ya yi ta zuba baitoci a kai. Shi ya sa in ka ji waƙa ɗaya da aka ɗauka a wurare biyu, sai ka taras ba daidai suke ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya zama babban ubangidansa. Ya yi wa direbobi, da 'yan kasuwa, da sojoji, da manoma, da mata. Har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika duniyar wata a 1969 sai da ya yi wa waƙa. Ya kuma taɓa siyasa, ya yi kansila a Kankiya, ya yi shugaban jam'iyyar SDP a Funtuwa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON.

To yanzu ga waƙar da ta raba mu.

Ana kiranta Sha Ruwa. A cikinta Shata yana nuna cewa wai shan ruwa babu laifi a cikinsa. Da muna ƙanana mun ɗauka ruwan randa yake nufi. Wata 'yar ƙungiyarmu ta ce ita da ƙannenta har rera ta suke yi in za su tafi rijiya, ba su ga abin damuwa ba, har ranar da kakarsu ta ji ta daka masu tsawa ba tare da ta faɗi dalili ba. Sai bana, da muka fara tattara tarihin nan, muka tambayi wani dattijo tsohon direba a unguwarmu. Ya yi dariya sosai kafin ya gaya mana cewa giya ake nufi. Ya ce a zamaninsu in an ce wane yana shan ruwa, ko wane ɗan ruwa ne, kowane babba ya gane, yaro ne kawai zai tsaya yana tunanin moɗa.

Da muka zauna muka yi tunani sai muka ga ai waƙar da kanta ta ba mu alama, mu ne ba mu lura ba. Wa ya taɓa cewa shan ruwan rijiya laifi ne, har da za a tashi a kare shi da kalangu? Ba a kare abu sai wanda ake zargi. Malamin Hausa ya ce wannan shi ake kira sakaya zance, wato a ɓoye kalma mai nauyi a cikin wata mai sauƙi. Hausawa na yin haka kullum. Ba mu cewa wane ya mutu sai dai ya riga mu gidan gaskiya, ba mu cewa mace ta haihu kai tsaye sai dai ta sauka. Shata ma yana da irin wannan a wasu waƙoƙin. Akwai wadda yake tada 'yan Arewa daga barci, kuma kowa ya san ba barcin tabarma yake nufi ba, sakaci da zaman banza yake nufi. Akwai Gagarabadau, wadda in ba ka natsu ba sai ka ɗauka yabo ce, alhali manya sun ce zambo ne mai zafi.

Da labarin ya zo taron ƙungiya sai aka rabu biyu. Wasu suka ce a cire Shata gaba ɗaya a sa wani, domin bai kamata bangon makaranta ya ɗauki mutumin da ya yi wa giya waƙa ba. Suna da hujja. Allah ya haramta giya a Suratul Ma'ida, kuma mun karanta a aji. Bayan haka mu nan mun san abin da shaye-shaye ke yi. Ba sai an ba mu labari ba, muna ganin samarin da maganin tari da ƙwaya suka lalata, waɗanda da suna zuwa makaranta. Gwamnatin tarayya ta hana kodin tun 2018, amma har yanzu akwai masu yawo suna layi a bayan kasuwa. Wani ɗan aji uku ya ce yayansa ɗaya haka ya bar karatu, kuma da yana faɗa duk muka yi shiru.

Wasu kuma suka ce mutum mai waƙoƙin da ba a san iyakarsu ba, ba za a jefar da shi saboda guda ɗaya ba. Shi ne ya yi waƙar yabon Annabi (SAW) wadda ake sawa lokacin tafiyar alhazai. Shi ne ya yi ta kiran mutane su yi noma su nemi na kansu. Akwai ma wanda ya kawo fassarar babansa, cewa Shata gugar zana yake yi wa masu sha a ɓoye su fito fili suna zagin masu sha. Wannan fassarar ta yi mana daɗi, amma gaskiya mun sake saurara sau uku kuma ba mu gamsu ba. A kunnenmu mutum ne yake kare abin da yake so, yana yi da gangan don ya tsokani masu yi masa faɗa. Muna ganin masoyansa ne suke neman su wanke shi, shi kuwa bai nemi a wanke shi ba.

Mun kai maganar wurin malamin Addinin Musulunci, muna tsammanin zai ce a yage takardar. Bai ce haka ba. Ya ce mu rubuta, amma mu faɗi ma'anar a fili kada mu ɓoye, domin yaron da ya san abin da kalma take nufi ya fi wanda yake rerawa bai sani ba. Ya ce abin da waƙar ta faɗa kuskure ne, kuma daɗin kiɗa ba ya mayar da haram halal. Ya kuma ce mu tuna mutumin ya rasu, hisabinsa yana wurin Allah, namu shi ne mu roƙa masa gafara. Malamin Hausa ya ƙara da cewa mu lura da zamani. Lokacin da aka yi waƙar akwai gidajen giya a fili a manyan garuruwan Arewa, kuma sai a 2000 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Katsina, shekara ɗaya bayan rasuwarsa.

A ƙarshe mun kaɗa ƙuri'a, masu son a liƙa suka yi rinjaye da mutum biyu kacal. Waɗanda suka ƙi ba su canza ra'ayi ba, kuma mun yi masu alkawarin fili a mako mai zuwa su rubuta nasu. Abu ɗaya da muka yarda da shi gaba ɗaya shi ne mu ma waƙoƙin da ake tura mana a waya, na fim da na 'yan zamani, akwai da yawa da muke bi da baki ba mu san me suke nufi ba. Mun fara rubuta sunayensu don mu kai wa malam.

Shata ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarsa, har an kai shi Jidda neman magani. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Ba a Musawa aka binne shi ba, ba kuma a Funtuwa ba. A Daura aka yi jana'izarsa, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, amin.

Wanda yake da gyara ko ra'ayi ya rubuta a takarda ya ba sakataren ƙungiya kafin ranar Laraba. Muna roƙo kada a yi rubutu a jikin wannan takardar, kwafi ɗaya gare mu.