Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen da ya yi fice a lissafi da ilimin taurari a Masar

Yau za mu soma ne daga Tabelot, garin masu lambu da ke gindin duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin, cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. Garin ya yi suna wajen noman albasa, kuma daga wannan yanki ne ayarin raƙuman Abzinawa kan tashi zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro da su kasuwannin ƙasar Hausa. Ga madugun ayari da mai lambu, wata shi ne fitila, shi ne kuma kalanda. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar kanmu abin da ke sa ya fito siriri kamar lauje, ya cika kamar faifai, sannan ya koma yana raguwa har ya ɓace?

Tsohuwar hanyar fatake da ta ratso Abzin takan sauka ne a Katsina, wadda a farkon ƙarni na 18 take kan gaba a kasuwanci da karatu a ƙasar Hausa. A nan ne aka yi wani malami da ya ba da rayuwarsa ga irin wannan tambaya, wato Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi. Kalmar Al-Kashinawi da Larabci tana nufin Bakatsine. Ya yi karatu a hannun manyan malaman Afirka, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, wadda a yau take cikin Chadi, ya kuma ƙware a nahawu da lissafi da ilimin taurari.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji. A ƙasar Hijaz ya tarar mutane da yawa na yi wa irin iliminsa kallon sihiri, saboda haka da farko bai yarda ya bayyana shi a fili ba, don kada ya zubar da mutuncinsa a baƙon wuri. Daga baya ya ɗauki alƙalami. A 1732 ya yi littafi a kan hatimin lambobi, wato yadda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. 'Yan kasuwa ku gwada wannan: layin farko 4, 9, 2, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6. Ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace, 15 za ku samu. A Makka kuma ya soma babban littafinsa kan taurari mai suna Al-Durr al-Manzum, ya kammala shi a birnin Alƙahira.

To, mene ne masana ilimin falaki na zamaninsa suka sani game da wata? Tun kafin shi da kusan shekara 700, Ibn Al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi rubutu na musamman a kan hasken wata, yana nuna cewa daga rana yake samo shi. Wata dunƙulen dutse ne mara hasken kansa. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haske yake, ɗaya rabin kuma a duhu. Da yake yana kewaya duniya, kowane dare gwargwadon abin da muke hange na wannan rabi mai haske daban ne. Idan yana ɓangaren da rana take, bayansa mai duhu ne ke kallonmu, sai mu ce wata ya ɓace. Da ya ɗan gusa sai mu ga jinjiri a yamma bayan faɗuwar rana. Bayan mako guda sai mu ga rabi. A daren 14 ko 15, lokacin da rana ke gefe guda shi kuma yana ɗaya gefen, sai mu gan shi a cike.

Uwargida na iya gwada wannan a ɗaki. Ki ajiye fitila a gefe guda cikin duhu, ki riƙe albasa ki miƙe hannu sama da kanki kaɗan, sai ki riƙa juyawa a hankali a inda kike tsaye. Za ki ga hasken da ke jikin albasar ya soma siriri, ya kai rabi, ya cika, ya kuma ragu, alhali albasar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Haka nan ba inuwar duniya ce ke cin wata kowane dare ba. Inuwar duniya kan faɗa masa ne kawai a ranar husufi, wanda ba ya faruwa sai wata na cike.

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kimanin kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanninmu ke yin 29 ko 30. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Wannan ne ke sa azumi da salla ke matsowa baya kowace shekara, su ratsa bazara da damina da hunturu cikin shekara 33 ko kusa da haka. Mai sarin kayan azumi da mai zubin adashi da wanda ya karɓi kaya bashi zuwa tsayuwar wata, duk wannan lissafi ya shafi jarinsu. Idan za a ƙulla ciniki na watanni, yana da kyau a fayyace tun farko ko da watan Musulunci ake ƙirga ko da na Bature, don watanni 12 na farko ba su kai 12 na biyu ba.

Gaskiya ne littattafan Al-Kashinawi sun haɗa lissafi da ɗalasimai da duba, abin da malamai da dama ba su amince da shi ba tun a wancan zamani. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne ɓangaren ƙirga da lura, domin cikar wata ko raguwarsa ba ta ɗaga farashin albasa, ba ta kuma sauke shi.

A Alƙahira ya zauna a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wani mashahurin masanin falaki, wanda shi ma ya ɗauki karatu a wurinsa. A wannan gida Allah Ya yi masa rasuwa a 1741, daidai da 1154 bayan Hijira, ya kuma bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya zama babban marubucin tarihin Masar, shi ne ya sa labarinsa cikin littafinsa, ta nan muka san yawancin abin da muka kawo maku.

Allah Ya jiƙansa da rahama. Sai mun sake haɗuwa a fito na gaba, idan Mai duka Ya kai mu.