Armand Peugeot, wanda ya raba gari da danginsa saboda mota

An haifi Armand Peugeot a 1849 a gabashin Faransa, a gidan masu ƙera zarto da injin niƙa kofi. A 1889 ya baje kolin mota mai ƙafa uku mai aiki da tururi a birnin Paris, daga baya ya koma injin fetur na Daimler.

Ɗan'uwansa Eugène na ganin zuba kuɗi a mota asara ce, don haka Armand ya ɓalle ya kafa kamfaninsa a 1896. Kamfanonin biyu sun haɗe a 1910, ya rasu a 1915.

Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har yau kanikawa na farfaɗo da ita daga Maradi zuwa Bawku.