Robert Bellarmine

Robert Bellarmine (4 ga Oktoba, 1542 – 17 ga Satumba, 1621), wanda Italiyawa ke kira Roberto Bellarmino, malamin tauhidin Kirista ne kuma kadinal a cocin Katolika. An fi saninsa da raddin da ya yi wa 'yan Furotesta, da kuma amsarsa kan ko fafaroman da ya kauce wa aƙidar coci zai ci gaba da zama a kujerarsa.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Montepulciano da ke Italiya. Mahaifiyarsa 'yar'uwar Fafaroma Marcellus na II ce. Ya shiga ƙungiyar Jesuit a shekarar 1560, aka naɗa shi limamin coci a 1570. Ya koyar a Leuven, cikin Beljiyam ta yau, ya kuma rubuta littafin nahawun Ibrananci. A 1576 ya koma koyarwa a birnin Rum, kuma darussansa na can ne suka zama babban littafinsa, Disputationes, wanda aka buga tsakanin 1586 da 1593. Ya zama kadinal a 1599. Shi ne ya sanar da Galileo a 1616 cewa coci ta hana kare ra'ayin cewa duniya ce ke zagaya rana.

Matsayinsa kan fafaroma mai bidi'a

Matsalar ta taso ne daga ƙa'idar coci cewa babu mai hurumin yi wa fafaroma shari'a. To idan shi kansa ya ƙaryata wani ginshiƙin aƙida, wa zai sauke shi? Bellarmine ya tattaro ra'ayoyi biyar. Zuciyarsa ta fi karkata ga na Albert Pighius, cewa Allah ba zai bar fafaroma ya faɗa bidi'a ba. Amma da yake bai ɗauki wannan a matsayin tabbas ba, sai ya auna sauran.

Ya ƙi cewa bidi'ar da ke ɓoye a zuci tana sauke fafaroma, ya kuma ƙi cewa babu abin da ke sauke shi. Inda ya fi daɗewa shi ne kan ra'ayin Kadinal Cajetan, wanda ya ce fafaroman yana nan kan mulki har sai coci ta tuɓe shi. A ganin Bellarmine, wannan ya ɗora coci a saman fafaroma. Matsayinsa shi ne, wanda bidi'arsa ta bayyana ya fita daga coci, wanda ba ɗan coci ba kuwa ba zai shugabance ta ba. Kujerar ta suɓuce masa nan take, daga nan ne coci ke iya hukunta shi. Hujjar tana da tsari, sai dai ta bar baya da ƙura: har yau ana jayayya kan wanda zai tabbatar cewa bidi'ar ta bayyana.

Ya kuma kare Fafaroma Honorius na I, wanda taron Konstantinoful na 680 zuwa 681 ya la'anta bayan rasuwarsa, yana ganin wasiƙunsa ba su ƙunshi bidi'a ba.

Rasuwa da tasiri

Ya rasu a Rum yana da shekara 78. Fafaroma Pius na XI ya ayyana shi waliyyi a 1930. Bayan taron Vatican na biyu (1962–1965), wasu 'yan tsiraru suka riƙa kafa hujja da shi cewa fafaromomin baya-bayan nan ba halastattu ba ne. Sunan aƙidarsu ya samo asali daga kalmomin Latin sede vacante, wato kujera ba kowa. Cocin Katolika ba ta yarda da fassararsu ba.