Nicolae Dobrin: Ɗan wasan da gwamnati ta hana zuwa Real Madrid

An haifi Nicolae Dobrin a garin Pitesti na ƙasar Romaniya a 1947. Yana ɗan shekara 14 kacal ya fara buga babbar gasar ƙasar a ƙungiyar garinsu, wadda ake kira Arges a yau.

Da shi ƙungiyar ta lashe gasar a 1972 da 1979. A 1972 ɗin ne Arges ta doke Real Madrid da ci 2-1, abin da ya sa Madrid ta nemi sayensa, amma gwamnatin Ceausescu ta ce ba inda zai je.

Haka ya ƙare ƙwallonsa a gida, har ya taka leda a rukuni na biyu da Targoviste. Ya rasu a 2007, kuma an sanya wa filin wasan Pitesti sunansa.