Handel: Baƙon da ya zama makaɗin sarakunan Ingila, da shekarar 1737 da ta kusa durƙusar da shi

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san kiɗan nan da ake sakawa kafin a take wasa a gasar zakarun Turai, lokacin da ƴan wasa suka jeru kyamara na bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Ingila mai suna Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, amma ya gina shi ne a kan wani tsohon kiɗan naɗin sarauta mai suna Zadok the Priest, wanda aka rubuta a 1727.

Mai kiɗan na asali shi ne George Frideric Handel, Bajamushen da ya bar garinsu yana ɗan shekara 18, ya yi ci-rani a Italiya, sannan ya yi kusan shekara hamsin a Landan. Yana cikin manyan makaɗan zamanin da masana kiɗan Turai ke kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750. Sai dai a tsakiyar wannan ɗaukaka akwai shekara guda, 1737, wadda kasuwarsa ta mutu, hannunsa na dama kuma ya shanye. Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har yau ake jin sunansa.

Ɗan wanzami daga Halle

An haifi Handel a ranar 23 ga Fabrairu 1685 a garin Halle na ƙasar Jamus, a shekarar da aka haifi Johann Sebastian Bach da Domenico Scarlatti. Mahaifinsa wanzami ne kuma likitan fiɗa a fadar wani basarake, ya haura shekara sittin lokacin da aka haifi yaron. Marubucin da ya fara rubuta tarihin Handel ya ruwaito cewa tsohon ya so ɗansa ya karanta shari'a, bai ga wani abin kirki a sana'ar kiɗa ba, sai da basaraken da yake yi wa aiki ya ji yaron yana kiɗa ya sa baki, kafin ya sakar masa mara.

Aka kai shi wajen Friedrich Zachow, mai kaɗa ogan a babbar cocin kasuwar garin. Ogan shi ne ƙaton kayan kiɗan nan mai ɗaruruwan bututu, wanda ake danna shi da yatsu da ƙafafu iska na busa bututun. A wajen Zachow ya koyi ogan, da gogen Turawa da ake kira biyolin, da hafsikod, wani kayan kiɗa mai tsarkiya da ya riga fiyano zuwa duniya. Mahaifinsa ya rasu a 1697. A 1702 ya shiga jami'ar Halle, amma bai daɗe ba. Shekara na zagayowa ya tattara ya nufi Hamburg.

Abin da ya ja shi can shi ne gidan opera. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, makaɗa na raka mawaƙa, ga kayan ado da fitilu da na'urorin canza fage. Italiyawa ne suka ƙirƙiro shi wajen shekara ta 1600. Handel ya fara da goga biyolin a cikin makaɗan gidan. A Disamba 1704 rigima ta haɗa shi da abokinsa Johann Mattheson kan wanda zai zauna a kujerar hafsikod, har suka zare takubba a ƙofar gidan wasan. Mattheson da kansa ya rubuta daga baya cewa maɓallin ƙarfe na rigar Handel ne ya tare tsinin takobin. Suka shirya, kuma wata guda bayan haka aka nuna operar Handel ta farko, Almira.

Daga Italiya zuwa Landan

A 1706 ya gangara Italiya, mahaifar sana'ar. Ya zauna a Florence, Roma, Napoli da Venis. A Roma ya tarar Fafaroma ya hana opera, don haka manyan limaman coci da attajirai suke ɗaukar nauyin wani nau'i mai suna oratoriyo, labarin addini da ake rerawa ba tare da kwaikwayo ko sauya tufafi ba. Handel ya rubuta musu irinsa. Abin da ya koya a nan don dole, shi ne zai cece shi shekara talatin gaba.

A ƙarshen 1709 aka fara nuna operarsa Agrippina a Venis, ta yi dare 27 ana nuna ta. Sunansa ya kai fadar Hanover a Jamus, aka naɗa shi shugaban makaɗan fada a 1710. Bai zauna ba. Ya nemi izini ya leƙa Landan, inda masu kuɗi ke ƙishirwar operar Italiya. A ranar 24 ga Fabrairu 1711 aka nuna Rinaldo, har da sakin tsuntsaye masu rai a cikin zauren, garin ya ɗauka. Daga 1712 ya tare a Landan, Sarauniya Anne ta yanka masa fam 200 duk shekara.

Sai ga shi a 1714 sarauniyar ta rasu, kuma wanda ya gaje ta shi ne ubangidansa na Hanover da ya baro, wanda ya zama Sarki George na ɗaya. Sarkin bai riƙe shi da komai ba. A ranar 17 ga Yuli 1717 makaɗa wajen hamsin suka shiga jirgin ruwa suna bin jirgin sarki a kogin Thames, suna kaɗa abin da aka sani yanzu da Water Music. Ya burge sarkin har ya sa aka maimaita masa sau uku a daren.

A 1719 manyan masu sarauta suka zuba jari suka kafa kamfanin opera, Handel ne shugaban kiɗa. A nan ya rubuta Giulio Cesare da Tamerlano a 1724, da Rodelinda a 1725. A Fabrairu 1727 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta mayar da shi ɗan ƙasar Birtaniya. Watanni kaɗan bayan haka aka ba shi aikin kiɗan naɗin Sarki George na biyu. Tun daga ranar, ba a naɗa sarki ko sarauniya a Birtaniya ba tare da an rera Zadok the Priest ba, har zuwa naɗin Sarki Charles na uku a ranar 6 ga Mayu 2023.

Kasuwa ɗaya, rumfa biyu

Operar Italiya sana'a ce mai cin kuɗi. Taurarinta daga Italiya ake ɗauko su da albashi mai nauyi, musamman mazan da aka yi wa fiɗiya tun suna yara don kada muryarsu ta fashe, irin su Senesino. Ga kuma gasa tsakanin zabiyoyi biyu, Francesca Cuzzoni da Faustina Bordoni, wadda ta kai magoya bayansu suka hargitsa wani wasa a Yuni 1727 a gaban matar yarima mai jiran gado. Mafi yawan mutanen Landan kuwa ba su jin Italiyanci. A 1728 John Gay ya fito da The Beggar's Opera, da Ingilishi, da waƙoƙin da kowa ya sani, yana yi wa operar manya shaguɓe. Aka nuna shi sau 62 a kakar farko. A shekarar ce kamfanin masu sarauta ya rufe.

Handel ya sake buɗe wani, wannan karon da hannunsa a cikin riba da asara. A 1733 wasu masu sarauta, da goyon bayan Yarima Frederick wanda ba ya ga maciji da mahaifinsa sarki, suka kafa kamfanin kishiya. Suka janye Senesino da yawancin mawaƙan Handel, a 1734 kuma suka kawo Farinelli, mawaƙin da ya fi kowa suna a Turai. Landan ba ta da masu kallon da za su riƙe gidan opera biyu. Kowane ɓangare ya ci gaba da zuba kuɗi don kada a ce shi ya fara ja da baya.

Shekarar 1737

Handel ya shiga shekarar yana da shekara 51, yana aiki ba ji ba gani. Ya fito da sabuwar opera Arminio a Janairu, Giustino a Fabrairu, yana kuma shirya Berenice. A Afrilu ciwo ya kwantar da shi. Yatsu huɗu na hannunsa na dama suka daina motsi, abin da mutane da yawa ke ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Ga mutumin da yatsu ne jarinsa, wannan kamar an ce wa maƙeri ya ajiye guduma ne. An nuna Berenice a Mayu, ta yi dare huɗu kacal.

A Yuni kamfanin kishiyar ya durƙushe da bashi. Farinelli ya tafi Madrid, inda ya zama mawaƙin Sarki Philip na biyar na Sifaniya, bai sake hawa dandalin jama'a ba. Handel shi ma ya rufe kakar da asara. A Satumba ya tafi Aachen, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi, ya yi kusan mako shida yana wanka da turaren ruwan. Yatsun suka dawo, ya koma Landan yana kiɗa.

Bai daɗe da dawowa ba Sarauniya Caroline ta rasu a ranar 20 ga Nuwamba. Ya san ta tun a Hanover, shi ya koya wa ƴaƴanta mata kiɗa. Ya rubuta doguwar waƙar jana'izarta da Ingilishi, da taron mawaƙa masu rerawa tare, aka rera ta a Westminster Abbey a ranar 17 ga Disamba.

Washegari, 18 ga Disamba, a garin Cremona na Italiya, Antonio Stradivari ya rasu yana da shekara casa'in da ɗoriya. Shi ne masassaƙin biyolin da ya fi kowa suna a tarihi. Ya sassaƙa kayan kiɗa fiye da dubu, wajen 650 sun kai zamaninmu, kuma a 2011 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan fam miliyan 9.8. A Nuwamban shekarar kuma aka buɗe gidan opera na San Carlo a Napoli, wanda har yau ake wasa a cikinsa. Opera na ƙara ƙarfi a Italiya, amma a Landan ta fara ja da baya.

Sauya harshe, sauya masu saye

Handel bai saki opera nan take ba. Ya ƙara jarrabawa da Serse a 1738, har zuwa Deidamia a 1741, wadda ta yi dare uku ta faɗi. Ita ce ta ƙarshe cikin operarsa wajen arba'in. Amma a tsakanin nan ya karkata ga oratoriyo da Ingilishi. Lissafin a fili yake. Oratoriyo ba ya buƙatar kayan ado da na'urori, ba ya buƙatar taurarin Italiya masu tsada, mawaƙan gida sun isa. Labaran daga Littafi Mai Tsarki na Kiristoci suke, waɗanda ɗan kasuwa da ma'aikaci suka sani tun suna yara, kuma da harshen da suke ji.

Kuɗin da ya rage daga ado sai ya zuba shi a sauti. Don Saul, wanda aka fara a Janairu 1739, ya sa aka ƙera masa wani kayan kiɗa mai amon ƙararrawa da ake dannawa da yatsu, ya ba da kwangilar sabon ogan na fam 500, ya kuma aro manyan tambura na soja daga Hasumiyar Landan.

A 1741, daga 22 ga Agusta zuwa 14 ga Satumba, cikin kwana 24, ya rubuta Messiah, kan rayuwar Almasihu kamar yadda take a littafin Kiristoci, da ayoyin da Charles Jennens ya tsara masa. An fara rera shi a Dublin ta ƙasar Ayilan a ranar 13 ga Afrilu 1742. An roƙi mata kada su sa siket mai bajewa, maza kuma su bar takubbansu a gida, don zauren ya ɗauki mutum 700. An tara wajen fam 400 aka raba wa cibiyoyin jinƙai uku, kuma da kason ɗaya aka fitar da mutum 142 da ke kurkuku saboda bashi. Daga 1750 ya riƙa gabatar da Messiah duk shekara don tara wa gidan yaran da aka tsinta a Landan kuɗi.

Akwai wani ɓangare na dukiyarsa da bai kamata mai karatu ɗan Afirka ya tsallake ba. Handel ya riƙe hannun jari a kamfanin South Sea, kuma an ga sunansa a takardun hannun jarin Royal African Company na 1720. Duka kamfanonin biyu sun yi fataucin bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka. Masana tarihi sun saɓa kan ko shi ya sayi na biyun da kansa ko biyansa aka yi da shi, amma da yawa daga manyan da suka ɗauki nauyin kiɗansa suna da jari a waɗannan kamfanoni.

A 1751, yana cikin rubuta Jephtha, idonsa ya fara dushewa. Aikin da likitoci suka yi masa bai yi amfani ba, ya makance. Duk da haka ya ci gaba da kaɗa ogan da ka a wajen wasanninsa. Ya halarci Messiah na ƙarshe a ranar 6 ga Afrilu 1759, ya rasu a ranar 14 ga watan a gidansa na titin Brook, inda ya zauna tun 1723. Yana da shekara 74, bai taɓa aure ba, ya bar dukiyar da ta kai wajen fam 20,000, mafi yawanta ga ƴar ƙanwarsa a Jamus, sauran ga barorinsa, abokansa da cibiyoyin taimako.

Mutum wajen 3,000 ne suka halarci jana'izarsa a Westminster Abbey, inda ake binne sarakuna da manyan Ingila. Gidansa ya zama gidan tarihi, an haɗe shi da na maƙwabta, inda makaɗin gita Ba'amurke Jimi Hendrix, wani baƙon da Landan ta ɗaukaka, ya zauna a 1968.