Folke Bernadotte

Folke Bernadotte (an haife shi a ranar 2 ga watan Janairu, 1895, ya rasu a ranar 17 ga watan Satumba, 1948) ɗan diflomasiyya ne, tsohon hafsan soja kuma ɗan gidan sarautar ƙasar Suwidin. An san shi da ceto dubban fursunoni daga sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi mai shiga tsakani a yaƙin Falasɗinu, kuma shi ne mutum na farko da Majalisar ta taɓa ba wa irin wannan aiki. Watanni huɗu bayan naɗin, 'yan bindiga na ƙungiyar Yahudawa ta Lehi suka harbe shi a Birnin Ƙudus. Batutuwa uku da ya sa gaba a rahotonsa na ƙarshe, wato iyakoki, matsayin Birnin Ƙudus da makomar 'yan gudun hijirar Falasɗinawa, su ne suka ci gaba da zama manyan abubuwan saɓani a duk wani yunƙurin sulhu da aka yi bayansa.

Asali da farkon rayuwa

An haifi Bernadotte a birnin Stockholm. Mahaifinsa Yarima Oscar Bernadotte ɗa ne ga Sarki Oscar na Biyu, amma ya rasa damar gadon sarauta a shekarar 1888 saboda ya auri Ebba Munck, wadda ba jinin sarauta ba ce. Don haka Folke ya tashi a matsayin jikan sarki wanda ba ya cikin jerin masu jiran gado, yana riƙe da sarautar Count na Wisborg. Gidan Bernadotte ya samo asali ne daga Jean-Baptiste Bernadotte, wani babban kwamandan sojan Faransa na zamanin Napoleon wanda ya hau gadon sarautar Suwidin a shekarar 1818.

Bayan ya yi makaranta a Stockholm, ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Karlberg, ya zama hafsa a rundunar sojan dawakai, daga baya ya kai muƙamin manjo. A ranar 1 ga watan Disamba, 1928 ya auri Estelle Manville, 'yar wani attajirin Amurka, a garin Pleasantville da ke jihar New York. Sun haifi 'ya'ya maza huɗu, biyu daga cikinsu sun rasu tun suna yara. Ya wakilci ƙasarsa a bikin baje koli na Chicago a shekarar 1933 da na New York a 1939, kuma ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar 'yan sikawut ta Suwidin.

Aikin agaji a Yaƙin Duniya na Biyu

Suwidin ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, wannan ya ba jami'anta damar magana da ɓangarorin biyu. A shekarar 1943 Bernadotte ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Suwidin. A shekarun 1943 da 1944 ya shirya musayar fursunonin yaƙi tsakanin Jamus da ƙasashen ƙawance ta tashar jiragen ruwa ta Gothenburg, inda dubban sojoji marasa lafiya da masu rauni suka koma gida.

A watan Fabrairu na shekarar 1945 ya fara ganawa da Heinrich Himmler, shugaban dakarun SS wanda sansanonin gwale-gwale suke ƙarƙashinsa. Da farko an amince ne a tattara fursunoni 'yan Denmak da Norwe wuri guda a sansanin Neuengamme kusa da Hamburg. Yayin da Jamus ke dab da faɗuwa, aka faɗaɗa yarjejeniyar ta haɗa da wasu fursunonin. An shafa wa motocin da suka yi jigilar farin fenti da alamar Red Cross don kada jiragen yaƙi su kai musu hari, shi ya sa ake kiran aikin da sunan Fararen Motoci. Motocin sun kwaso kimanin mutum 15,000 zuwa Suwidin. Cikinsu akwai Yahudawan Denmak fiye da 400 daga sansanin Theresienstadt, da dubban mata daga sansanin Ravensbrück, da yawansu Yahudawa.

A daren 23 ga watan Afrilu, 1945 a birnin Lübeck, Himmler ya nemi Bernadotte ya isar wa Birtaniya da Amurka tayin cewa Jamus za ta miƙa wuya gare su, amma ta ci gaba da yaƙar Tarayyar Sobiyet. Ya isar da saƙon ta hannun gwamnatin Suwidin, ƙasashen biyu kuma suka yi watsi da shi. Bayan yaƙin ya zama shugaban Red Cross ta Suwidin.

Naɗinsa mai shiga tsakani a Falasɗinu

A ranar 29 ga watan Nuwamba, 1947 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba Falasɗinu, wadda Birtaniya ke mulka a lokacin, zuwa ƙasar Yahudawa da ƙasar Larabawa, tare da sanya Birnin Ƙudus ƙarƙashin kulawar ƙasa da ƙasa. Shugabannin Yahudawa sun karɓi shirin, Larabawa kuwa suka ƙi shi, suna ganin an ba marasa rinjaye fiye da rabin ƙasar. Faɗa ya ɓarke nan take tsakanin al'ummomin biyu. A ranar 14 ga watan Mayu, 1948 David Ben-Gurion ya ayyana kafa ƙasar Isra'ila, washegari sojojin Masar, Jodan, Siriya da Iraƙi suka shiga yaƙin.

An naɗa Bernadotte mai shiga tsakani a ranar 20 ga watan Mayu, 1948. Babban mataimakinsa shi ne Ralph Bunche, baƙar fatar Amurka, jami'i a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun kafa hedikwatarsu a tsibirin Rhodes na ƙasar Girka, daga can Bernadotte yake zirga-zirga a jirgin sama tsakanin Alƙahira, Amman, Beirut, Damaskus da Tel Aviv. Nasararsa ta farko ita ce tsagaita wuta ta mako huɗu da ta fara aiki a ranar 11 ga watan Yuni. Don sa ido a kanta, an kawo hafsoshi marasa ɗauke da makami daga Beljiyam, Faransa, Amurka da Suwidin. Daga waɗannan masu sa ido ne aka samu hukumar UNTSO, wadda ita ce tawagar kiyaye zaman lafiya mafi daɗewa a tarihin Majalisar.

Shirinsa na farko

A ƙarshen watan Yuni ya miƙa wa ɓangarorin shawarwarinsa na farko. Ya ba da shawarar a kafa tarayya mai ɓangare biyu, ɗaya na Yahudawa, ɗaya na Larabawa wanda zai haɗa da Jodan. Hamadar Negev ko wani sashe nata zai koma hannun Larabawa, yammacin Galili kuma hannun Yahudawa. Birnin Ƙudus zai kasance cikin yankin Larabawa, amma Yahudawan birnin za su riƙa tafiyar da harkokin unguwanninsu. Bayan shekara biyu, idan aka yi saɓani kan shigowar Yahudawa baƙi, za a kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɓangarorin biyu duk sun ƙi shirin. Isra'ila ba ta yarda a taɓa 'yancinta na karɓar baƙi ba, batun Birnin Ƙudus kuma ya fusata Yahudawa ƙwarai. Ƙasashen Larabawa sun ƙi duk wani tsari da zai amince da ƙasar Yahudawa, wasunsu kuma ba su so Sarki Abdullah na Jodan ya faɗaɗa mulkinsa ba. Da wa'adin tsagaita wuta ya ƙare a watan Yuli aka koma fagen daga na kwana goma, inda Isra'ila ta kama garuruwan Lidda da Ramla, aka kori dubban mazaunansu Larabawa. Tsagaita wuta ta biyu ta fara aiki a ranar 18 ga watan Yuli bisa umarnin Kwamitin Sulhu.

'Yan gudun hijira da shiri na biyu

Bernadotte ya ziyarci 'yan gudun hijirar da suka taru a yankin Ramallah, ya ga yadda suke kwana a fili babu isasshen abinci da ruwa. Ya roƙi ƙasashe da ƙungiyoyin agaji su kawo ɗauki, ya kuma nemi gwamnatin Isra'ila ta bar wasu su koma gidajensu, amma ta ƙi, tana cewa ba za a yi wannan magana ba sai an cimma zaman lafiya da ƙasashen Larabawa. A lokacin adadin 'yan gudun hijirar ya haura 300,000. Kafin yaƙin ya ƙare, kimanin Falasɗinawa 700,000 ne suka gudu ko aka kore su daga gidajensu, abin da suke kira Nakba.

A ranar 16 ga watan Satumba, 1948 ya sa hannu a rahotonsa ga Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ƙunshi shirinsa na biyu. A ciki ya janye batun tarayya, ya bayyana cewa ƙasar Isra'ila ta kafu kuma dole a yi lissafi da ita. Ya ba da shawarar Negev ta koma ga Larabawa, Galili gaba ɗaya ga Isra'ila, Birnin Ƙudus kuma ya kasance ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tashar jiragen ruwa ta Haifa da filin jirgin sama na Lidda za su kasance a buɗe ga kowa. Ya ga ya fi dacewa a haɗa yankunan Larabawa da Jodan, abin da ke nufin shirin bai tanadi ƙasar Falasɗinawa mai cin gashin kanta ba. Ya kuma nemi a tabbatar da haƙƙin 'yan gudun hijira na komawa gidajensu da wuri, a biya diyya ga waɗanda suka zaɓi ƙin komawa.

Kisansa

Washegari, Juma'a 17 ga watan Satumba, yana cikin ayarin motoci uku a unguwar Katamon da ke ɓangaren Birnin Ƙudus da Isra'ila ke iko da shi, sai wata mota ƙirar jif ta tare hanya. Mutane sanye da kakin soja suka fito, ɗaya daga cikinsu ya zura bindiga ta tagar motar ya buɗe wuta. An kashe Bernadotte tare da Kanar André Sérot, hafsan Faransa mai sa ido wanda ke zaune kusa da shi. Bernadotte yana da shekara 53. Ba a riga an wallafa rahotonsa na biyu ba a ranar da aka kashe shi.

Wata ƙungiya mai suna Hazit HaMoledet ta ɗauki alhakin kisan, amma sunan ɓad da kama ne na ƙungiyar Lehi, wadda take kallon Bernadotte a matsayin ɗan koren Birtaniya mai neman raba Yahudawa da Birnin Ƙudus. Shugabannin Lehi uku a lokacin su ne Yitzhak Shamir, Nathan Yellin-Mor da Israel Eldad. Daga baya aka gano cewa Yehoshua Cohen ne ya yi harbin. An kai gawar Bernadotte Suwidin, aka binne shi a maƙabartar Norra da ke Solna kusa da Stockholm.

Kwamitin Sulhu ya yi tir da kisan. Gwamnatin Ben-Gurion ta haramta Lehi, ta kama mambobinta da dama, amma ba a taɓa gurfanar da kowa kan laifin kisan ba. An yanke wa Yellin-Mor hukuncin ɗauri saboda jagorantar ƙungiyar ta'addanci, sai dai afuwar da aka yi a farkon shekarar 1949 ta sa aka sake shi, ya zauna a majalisar dokokin Isra'ila ta farko. Shamir ya zama firaministan Isra'ila a shekarar 1983. Gwamnatin Suwidin ta soki yadda aka gudanar da binciken, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami na wani lokaci. A shekarar 1950 Isra'ila ta biya Majalisar Ɗinkin Duniya diyya.

Abin da ya bari

Ba a aiwatar da shirinsa na biyu ba. Birtaniya da Amurka sun goyi bayansa da farko, amma Isra'ila da Larabawa suka ƙi shi, sannan sojojin Isra'ila suka kama yawancin Negev. Ralph Bunche, wanda ya gaje shi, ya jagoranci yarjejeniyoyin tsagaita wuta na shekarar 1949 tsakanin Isra'ila da Masar, Labanon, Jodan da Siriya, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1950.

Wasu daga cikin shawarwarin Bernadotte sun shiga ƙuduri mai lamba 194 na ranar 11 ga watan Disamba, 1948, wanda ya yi magana kan komawar 'yan gudun hijira da biyan diyya. Falasɗinawa suna kafa hujja da wannan ƙuduri wajen neman haƙƙin komawa, Isra'ila kuma tana ganin aiwatar da shi zai kawar da rinjayen Yahudawa a ƙasar. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 ta ɗage batun Birnin Ƙudus, 'yan gudun hijira da iyakoki zuwa tattaunawar ƙarshe, taron Camp David na shekarar 2000 ya watse ba tare da an warware su ba, shirin zaman lafiya na ƙasashen Larabawa na 2002 kuma ya sake ambaton ƙuduri na 194.

Kisansa ya yi tasiri a dokokin ƙasa da ƙasa. A ranar 11 ga watan Afrilu, 1949 Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana cewa Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hurumin neman diyya daga wata ƙasa idan aka cutar da jami'inta a bakin aiki. A shekarar 1998 Majalisar ta karrama shi da lambar yabo ta Dag Hammarskjöld, wadda ake bayarwa ga waɗanda suka mutu a aikin kiyaye zaman lafiya. A shekarar 2002 gwamnatin Suwidin ta kafa wata hukuma mai ɗauke da sunansa, wadda ke horar da masu shiga tsakani da jami'an kiyaye zaman lafiya.